Sawun Kailu a Rairayin Arras

A shekara ta ashirin da bakwai ta sarautar Sarkin Dambe Nomau, cikin watan Yuni, lokacin da ruwan sama ke yin kwana uku a kan Abidjan bai ɗauke ba, rigimar gado ta tashi a fadar damben Hausawan Adjamé. Ni Shamsuddin tela, mai rubuta wannan labari, shagona yana kallon ƙofar fadar. Abin da na gani da idona zan faɗa. Abin da ya faru a bayan idona kuwa daga bakin waɗanda suka aikata shi na ji, bayan zukata sun huce.

Kada mai karatu ya ji an ce fada ya zaci ganuwa da soraye. Tsakar gidan haya ce a Williamsville, wata unguwa a cikin Adjamé, ɗaki tara a kewaye, famfo ɗaya da bishiyar mangwaro. Amma sarautar ta gaske ce. Akwai rawani, akwai kalangu biyu da aka zo da su daga Ƙonni tun zamanin sarkin farko, akwai Waziri da Madaki. Duk ɗan damben da ya sauka garin, daga Nijar ya fito ko daga Najeriya, ba ya naɗa hannu sai ya zo ya faɗi gaisuwa. Sarki ke cewa wane zai sa zare da wane ranar Sallah, shi ke raba gardama, kuma inda rawanin yake, nan ake wasa. Shekara hamsin rawanin nan bai taɓa haye gada zuwa unguwar Treichville ba.

Nomau mutumin Ƙonni ne, gajere, mai ƙaramar murya. A dambe, da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, shi kuwa ya yi shekara goma sha ɗaya yana shiga fili ba wanda ya kashe shi. Yana da wata hanyar horo da ban taɓa gani a wurin kowa ba. Kafin a fara, matarsa Tsahara za ta share tsakar gidan, ta yayyafa ruwa, ta lailaye ƙasar da tsintsiya. In biyu suka gama karawa, sai ya hana kowa takawa, ya bi sawunsu yana dubawa. "Nan ka haɗe ƙafafu," in ji shi. "Nan kuma ka gitta ɗaya bisa ɗaya. Da da maƙiyi kake, da yanzu ana yi maka fifita." A wurinsa hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, wanda aka miƙa a buɗe shi ne garkuwa, amma tazarar da ke tsakaninka da abokin karawa ƙafa ce ke riƙe da ita. Da idanunsa suka mutu bai daina ba. Ya koma durƙusawa yana shafa sawun da tafin hannu.

Cikin almajiransa akwai Kailu, ɗan dako a babbar tashar Adjamé, magidanci mai shekara talatin da ɗaya. A Williamsville aka haife shi, bai taɓa ganin arewa ba, Hausarsa kuma rabinta Faransanci ne. Ranar da ya gwada yi wa kansa kirari, makaɗa sun yi dariya har kiɗa ya tsaya. Amma mutumin da ya shekara goma sha biyar yana ratsa taɓon tasha da firiji a kai, tsakanin manyan motoci da 'yan kamasho, ya koyi abin da ba a koya da baki. Ba ya ɗaga ƙafa sama, jan ta yake yi. Ba ya taku ɗaya inda rabi zai isa. Na sha ganin ƙato ya kawo masa naushi da dukan ƙarfinsa, ya ja ƙafar baya kaɗan, zaren ya wuce ta gaban hancinsa, shi ko ƙiftawa bai yi ba. Ina faɗa ba kunya, kallon ƙafafun Kailu ya fi mini kallon naushin kowa daɗi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sarki ya tara majalisa a gindin mangwaro.

"Jikina ya gaya mini lokaci ya yi," in ji shi. "Ina son in ga wanga rawani bisa kan wani tun ina da rai. Kailu na zaɓa."

Mutanen majalisa suka kalli juna. Waziri Abduljalil ne ya fara motsi. Shekara ashirin da biyu yana zaune a hannun daman Sarki, ya san asalin kowane ɗan dambe har kakansa, kuma ba wanda ya kai shi iya magana a gaban manya. Ya daɗe da ɗinka babbar rigar naɗinsa. A shagona aka ɗinka, shi ya sa na sani.

"Ranka ya daɗe," in ji Waziri, "ɗan dako? Ba ɗan mahauta ba, bai iya kirari ba, bai ma san hanyar gida ba. Mutumin da duk dambensa gudu ne?"

"Gudu ka gani?" in ji Sarki.

"Shi kowa ya gani, Allah ya ja zamaninka. Ni ban yi mubaya'a ba."

A al'adar wannan fada, in Waziri ya ƙi mubaya'a, fili ke raba gardama. Mai ƙin yana da ikon kawo ɗan damben da ya ga dama, shi ne kuma zai zaɓi wurin wasa, ɓangaren da ya yi kisa ya ɗauki rawani da kalangu. Waziri ya san da haka tun kafin ya buɗe baki.

Washegari ya shiga woro-woro, tasin haya na haɗaka, ya sauka tasha, ya canja mota ya haye gada zuwa Arras da ke cikin Treichville, gidan Alhaji Abdulbaqi. Alhajin babban ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa, kuma ya daɗe yana jin haushin cewa kowace Sallah sai mutanen Treichville sun kwashi jiki zuwa Adjamé kallon dambe. A lokacin yana riƙe da wani ɗan dambe da ya ɗauko daga ƙasar Zamfara, sunansa Lukumanu. Dole in yi wa Lukumanu adalci, don ba mugu ba ne, kuma ba rago ba ne. Dogo ne, hannunsa ya fi na Kailu tsawo da kusan taƙi guda. Dambensa shi ne ya kafa ƙafar baya, ya ingiza jikinsa gaba ɗaya kamar an harbo shi, ya iso da mashi daga inda ba ka zato. Mutum tara ya kashe a Abidjan, ba wanda ya kai turmi na biyu, wato zagaye na biyu.

Suka ƙulla magana. In Lukumanu ya yi kisa, Waziri zai naɗa rawani, fada kuma ta koma Arras.

"To, yaya za a yi da ƙafafun nan nasa da ake faɗa?" in ji Alhaji.

"Ɗaure su za mu yi, Alhaji," in ji Waziri. "A rage fili, a zuba rairayi mai zurfi. In ba wurin gudu, kuma ƙafa na nutsewa, me ya rage masa?"

Aka sayo rairayi mota uku aka juye a farfajiyar wani ɗakin ajiyar kaya na Alhaji. Da yake damina ce, Waziri ya sa aka lulluɓe shi da tampol, don kada ruwa ya daddale shi ya yi tauri. Kullum sai ya haye gada ya duba da kansa ko tampol ɗin ya yaye. Lukumanu ya taka rairayin sau ɗaya, ya ɓata fuska.

"Alhaji, wanga rairai ya yi yawa. Can gida ɗan kaɗan aka watsawa bisa ƙasa mai tauri."

"Don kai aka yi," in ji Waziri. "Kai dai ka kai hannu, sauran aikin mun gama maka shi."

Lukumanu baƙo ne, yana cin abincin gidan, sai ya bi maganarsu.

Labarin ya iso Williamsville ta bakin matan da ke sarin kifi a Treichville. Madaki ya fusata, ya ce a ƙi zuwa, wannan tarko ne. Sarki ya ce al'ada ta ba su zaɓin fili, ba kuwa a zamaninsa za a fara karya ta ba. Sannan ya juya inda yake jin numfashin matarsa.

"Tsahara, zurfin ya kai ina?"

"Sun ce ya rufe idon sawu, Malam."

Sarki ya gyaɗa kai. Daga baya ya kira Kailu, ya kamo ƙwaurinsa ya riƙe.

"Turmin fari kada ka kai naushi ko ɗaya. Auna shi. Wanda anka ba ka labari daban, wanda za ka iske cikin rairan nan daban."

"Baba, in filin ya yi petit fa? Ba wurin ja da baya."

"Cikin tasha wa ya taɓa ba ka wuri?"

Kailu ya yi murmushi. "Ça va aller, Baba, komai zai yi daidai."

Ranar Lahadin makon da ya biyo, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke. Muka cika gbaka huɗu, ƙananan bas na haya, muka haye gada, rawani a cikin kwando a kan cinyar Tsahara, kalangu a rataye a kafaɗun makaɗa. Ban ɓoye muku ba, ban sa rai da nasara ba, don na taɓa ganin Lukumanu yana dambe. Farfajiyar ta cika har kan katanga, Hausawa da Zabarmawa da Jula da 'yan gari, kowa ya ɗaga waya yana jira. An zagaye filin da igiya, faɗinsa bai fi ɗakin kwana ba. Aka ajiye wa Sarki kujera a bakin igiyar, Tsahara ta tsuguna a gefensa. A ƙasa mai tauri yakan bi dambe da kunne, amma rairayi ba ya ƙara, don haka ita ce idonsa a ranar. Shekara ashirin da bakwai tana share sawu, ta iya karatunsa.

Lukumanu ya shigo ya yi kirari har tsikar jikina ta tashi. Kailu ya shigo bai yi kirari ba, sai dai ya ja ƙafafunsa daga wannan igiya zuwa waccan, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Mutanen Arras suka yi ta ihu.

Aka sa zare. Suka miƙa garkuwa, yatsu suna taɓa yatsu, kowa yana auna ɗan'uwansa. Lukumanu ya kafa ƙafa ya harbo. Kailu ya ja ƙafar baya rabin taku, mashin ya wuce. Ya sake harbowa, ya sake wucewa. A karo na uku Kailu ko motsi bai yi ba, amma naushin ya tsaya a iska, saura yatsu huɗu ya taɓa haɓarsa.

"Mi ya faru?" in ji Sarki.

"Bai kai ba, Malam. Ƙafarshi ta baya zamewa take cikin rairai."

"Ahaf," in ji Sarki, ya gyara zama.

Abin da Waziri bai lissafa ba ke nan. Mai ja da ƙafa ba ruwansa da zurfin rairayi. Mai ingiza jiki da ƙafar baya shi ke bukatar ƙasa mai tauri, kuma kowace harbawa rairayin yana cinye masa yatsu huɗu. Aka raba turmin farko ba kisa.

Amma Lukumanu ba wawa ba ne. A turmi na biyu ya bar harbawa daga nesa, ya dinga matsowa a hankali, yana tare hanya da doguwar garkuwarsa, har gadon bayan Kailu ya taɓa igiya. Nan ƙanƙantar filin ta yi aikinta. Ya kawo wani naushi ta gefe, Kailu ya kauce amma bai gama kaucewa ba, zaren ya tsaga masa gira. Jini ya rufe masa ido ɗaya, gwiwarsa ta lanƙwashe har na rufe fuskata da hula. Da na buɗe, yana tsaye. Ya zame ta ƙarƙashin hannun ya koma tsakiya. Waziri ya miƙe yana gyara babbar rigar da na ɗinka masa.

"Ƙafafunshi?" in ji Sarki.

"Suna nan a buɗe, bai haɗe su ba."

"To, ba a taɓa shi ba tukuna."

A turmi na uku ne muka ga abin da har yau ake ba da labarinsa. Kailu bai ja da baya ba, matsowa ya yi. Ya tsaya daidai inda Lukumanu zai ga kamar ya same shi, ya fara zagaya shi a hankali ta wajen garkuwa, rabin taku, rabin taku. Don ya ci gaba da fuskantarsa, dole Lukumanu ya dinga juyawa a kan ƙafarsa ta baya, wuri ɗaya. In ya nemi ɗagawa ya canja wuri, sai Kailu ya ɗan miƙo fuska, shi kuwa ya kafa ƙafar ya kai hannu, ya kuskure. Kowane juyi da kowace kafawa, ƙafar tana ƙara nutsewa. Mu 'yan kallo fuskokinsu muke kallo da jinin da ke zuba. Tsahara kaɗai ta sunkuya ta ce, "Malam, yana sa shi haƙa rami."

Da Kailu ya ga abin ya isa, sai ya sauke garkuwarsa ya bar haɓarsa a fili. Ba ɗan damben da zai ga wannan ya haƙura. Lukumanu ya harbo da iyakar ƙarfinsa, jikinsa ya taho, ƙafar ta ƙi biyowa. Kailu ya zame gefe, ya shiga ciki rabin taku, ya ajiye masa mashi a gindin kunne. Naushi ɗaya ke nan da ya kai a dukan wasan, kuma ba wani mai ƙarfi ba ne. Lukumanu ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Farfajiya ta ɗauki ihu, kalangu ya tashi, mutane suka yunƙuro za su tsallake igiya. Sai muka ji ƙaramar muryar nan.

"Kada wanda ya taka!"

Kowa ya tsaya inda yake. Tsahara ta kama hannun Sarki ta shigar da shi filin, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa yana shafa rairayi. A inda Kailu ya zagaya bai sami sawu ba, sai layuka a jere kamar an ja tsintsiya. Ya bi su da tafinsa har ya zagayo, yana gyaɗa kai. Sannan hannunsa ya faɗa cikin ramin, ya nutse har wuyan hannu.

"Wa ya ba da shawarar wanga rairai?"

Duk idanu suka koma wuri ɗaya.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Waziri.

"Zo ka sa hannunka nan."

Waziri ya zo, da babbar rigarsa, ya durƙusa ya sa hannu a ramin.

"Shekara ashirin da biyu kana zaune kusa gare ni, Abduljalil. Kullum ina duƙe ina duba ƙasa, kai kana tsaye kana kallon fuskokin mutane. Da sau ɗaya ka taɓa duƙawa, da ba ka kashe ɗan dambenka da hannunka ba."

Waziri bai ɗago ba. Na ga hawaye yana ɗiga a rairayin, kuma duk da haushinsa da nake ji, ya ba ni tausayi.

Sarki ya sa aka kawo masa Lukumanu, ya shafa kafaɗarsa. "Kai ɗan dambe ne," in ji shi. "Ka ji ƙafarka ta gaya maka gaskiya, ka bi maganar masu riga. Kada ka sake." Kailu ya matso da jini a fuska, ya riƙe hannun abokin karawarsa ya ce, "Yako, ɗan'uwa," wato sannu a bakin 'yan Abidjan. A nan cikin filin, a kan rairayin da aka zuba don a kayar da shi, aka naɗa masa rawani. Alhaji Abdulbaqi da kansa ya riƙe bakin rawanin, kuma wannan mutunci ne da ya kamata a rubuta masa.

Ga yadda abin ya ƙare, kamar yadda mutanen fada suka riƙe. Rawani da kalangu suka koma Williamsville kafin magariba. Waziri ya yi mubaya'a a gindin mangwaro, Sarki Kailu kuma bai tuɓe shi ba, ya ce yana bukatar mai iya Hausar da za a yi wa baƙi magana. Lukumanu ya dinga haye gada kowace Lahadi yana koyon ja da ƙafa, yau shi ne Madaki. Nomau bai ga wata daminar ba, Allah ya yi masa rahama. Shi kuwa Kailu har gobe da safe yana tasha da kaya a kai, in ka kira shi ranka ya daɗe sai ya ce ka matsa masa hanya.

Na daɗe ina tunanin wannan al'amari. Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so, amma na lura ya fi son ya ba wanda ya san iyakar inda hannunsa ke kaiwa. Masu dukiya da masu baki sun taru, sun sayi rairayi mota uku, sun kwana shida suna gadinsa daga ruwan sama, duk don su ƙwace sarautar shekara hamsin, abin ya tsaya a kan yatsu huɗu. Tsahara ta tsufa yanzu, bayanta ba ya barin ta shara. In ka biyo ta Williamsville ranar horo, za ka ga wani dattijo ya naɗe hannun riga, ya duƙa da tsintsiya yana lailaye tsakar gida, in an gama kuma shi ne na farkon durƙusawa a kan sawu. Ba wanda ya sa shi. Waziri Abduljalil ne.